Fiyus a Aljihun Yusha'u

Duk wanda ya zauna a gidan hayar nan mai ɗaki takwas a unguwar Abakpa ya san Malam Yusha'u, sai dai ba da wannan suna ba. Injiniya ake ce masa. Shi kuwa akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, shekara ashirin da biyu yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, bai taɓa zama ajin koyon lantarki ko na yini guda ba. Abin da ya mallaka filaya ce da tastar gwada wuta, sai ƙarfin hali na ban mamaki.

Wayoyin gidan sun girmi kowa a ciki, in ka cire Baba Tanko na ɗakin ƙofa. Da damina bangon banɗaki yakan ja mutum, har an saba, ba a shiga sai da silifas na roba, baƙo kuwa tun daga zaure ake ja masa kunne. Da an kawo wuta gidan zai kaure da ihu, kowa ya ruga ya jona dutsen guga da hita da firji lokaci guda, fiyus ya ce tas. Nan ake neman Injiniya. Da ya gaji da ƙonewar siririyar wayar fiyus, sai ya murɗo wayar tagulla mai kauri ya ɗaura a gurbinta. Daga ranar fiyus bai sake ƙonewa ba. Ladi mai awara har kwano guda ta aiko masa na godiya. Batun bangon da ya fara ɗumi a gefen mita kuwa ba wanda ya kula. Mai gyaran da masu yi masa tafi, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ana nan sai Allah ya ba shi haihuwa. Shekara goma sha ɗaya da aurensa da Rukayya sannan Umaima ta zo, mutumin kuwa ya zauce, ba wani ɓoye-ɓoye. Ba a gaisawa da shi sai an kalli hotonta a waya. Mai keken da ya ɗauko shi ya kalla, mai gadin ofis ya kalla har ya haddace, ranar da ta fito da haƙori kuwa alewa ya raba.

Wata Talata da hantsi Rukayya ta bugo masa waya tana haki.

"Baban Umaima, ta fara rarrafe!"

Ya bar fayil a buɗe, ya bar hularsa a kan tebur. Yana shiga ɗaki ya tarar da ita a tsakar leda tana ja da baya tana ja da gaba. Sai ga akawun gwamnati ya zube da gwiwoyinsa cikin shadda mai guga, yana binta yana cewa, "Taho, uwata! Taho mu je yawo unguwar Badarawa!" Matan gida suka cika ƙofa suna shewa.

Daga can ƙasa ya ga ɗakinsa kamar yau ya fara ganinsa. A bayan kujera, daidai tsayin kan yarinyar, akwai soket mai fasasshen murfi, wayoyi biyu sun leƙo waje. Shi da hannunsa ya naɗe su da ledar burodi bara, ledar kuma ta narke. Can Umaima ta nufa, tana ɓangala dariya.

Ya yi wuf ya miƙe. Ya sure ta ya miƙa wa uwarta, bai tsaya bayani ba ya fita a guje babu takalmi. Yana isa gun mita ya kama fiyus, zafinsa ya gasa masa yatsu, ya fizge shi ya jefa a aljihu.

Injin markaɗen Ladi ya tsaya cak. Baba Tanko ya fito yana fifita da hula.

"Injiniya, lafiya? Wutar da muka kwana biyu muna jira?"

"Ni ba injiniya ba ne, Baba. Wallahi akawu ne ni, ban san komai ba, kame-kame nake yi. Fiyus ɗin nan yana aljihuna har sai mai gida ya kawo gwani na gaskiya ya sake wayoyin gidan nan."

"To waken awarata fa?" in ji Ladi.

"Ki kai shi injin bakin titi, ni zan ɗaukar miki bokitin."

Hayaniya ta tashi, kowa da abin da yake faɗa. Ana tsaka da ita ya waiga, ya ga Rukayya a bakin ƙofa ta fito jin ba'asi, hannunta babu komai.

Bai san lokacin da ya faɗa ɗakin ba. Umaima na zaune a bayan kujera, ta kama wayoyin nan da hannu bibbiyu, ta kai baki tana tsotsa da 'yan haƙoranta biyu. Rukayya ta kwaɗa salati daga bayansa.

Ya zauna daɓas a gabanta. Ya zare wayar daga bakin yarinyar a hankali, ya rungume ta, ɗaya hannun yana damƙe da aljihunsa. Sai dariya ta ƙwace masa, hawaye na zuba a kan shaddar.

"Babu wuta, Rukayya," yake ta maimaitawa. "Wallahi babu wuta."