Ranar da Kawu Sale Ya Nemi Gafarar Kowa

Kun dai san Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ba ya ba da haƙuri. In ya taka ka a Haramin Makka, juyowa zai yi ya ce, "Me ƙafarka take nema a ƙarƙashin tawa?" Amma duk shekara a Sha'abana, taron cin abincin da dangi ke yi gab da azumi, inda kowa ke neman gafarar kowa, shi ma yakan nema. Sai dai mutum ɗaya tal yake zaɓa.

Shekarar da muka fara lura, hannun Ɗanjuma mai tsire na unguwar Jarwal ya riƙe. "Ka yafe min, na ce namanka na jaki ne." Ɗanjuma ya yi dariya ya yafe. Bai ga Sallah ba. Da shekara ta zagayo ya nufi maƙwabciyarmu Hajiya Balaraba, wadda ya daɗe yana kwarara wa ruwan wanki a ƙofa. Ita ma kafin aikin Hajji aka kai ta makwancinta.

To daga nan aka shiga gudunsa. Mijina, ƙaton banza, ya kulle kansa a banɗaki har abinci ya huce. Kawu ya ƙwanƙwasa ya ce, "Fito, ba kai ba ne, buta nake so." Malam Nuhu, ɗalibin ilimi daga Kano, ya tsaya yana yi mana faɗa cewa camfi ne, ajali na Allah ne. Gaskiya ya faɗa kuwa. Sai Kawu ya dafa shi. "Malam, ka..." Faranti ya suɓuce daga hannun Malam. "Ka miƙo min yajin nan."

Na taɓa ritsa shi na ce, "Kawu, wai me kake gani?"

"Ba na ganin komai, Ladidi. Mutum yana kusa da ni, sai in ji muryarsa kamar daga bayan dutse."

Bara Sha'abana ta faɗo cikin hutun ranar kafuwar ƙasar nan, kowa ya samu zuwa, mota guda muka cika daga unguwar Utaibiyya. Kawu ya shigo da farar riga a goge, shi da bai san guga ba. Ya fara daga bakin ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba. Direbanmu ya kalli motar da za ta mayar da mu gaba ɗaya, ya sa makulli a aljihu ya zauna.

Ya iso kaina ina goye da 'yata Amina, watanta shida. Ya kalle ta, ya kalle ni. "Ladidi, ki yafe min."

Tsoro ya kama ni, ba don kaina ba. Na fizge hannuna na ce, "Ban yafe ba, Kawu. Wallahi ban yafe ba. Matsa can."

Ya yi murmushi. "Ɗaga murya, 'yata. Yau dukanku daga nesa nake jin ku."

Ban gane ba sai bayan kwana uku, da aka same shi bayan Azahar a kan dardumarsa, rai ya yi halinsa. Kowa ya sallame shi da yafiya ban da ni, alhali bai taɓa yi min komai ba sai goyo da alawa.

Ya Allah, Kai kana jin na nesa. Ka isar masa cewa na yafe, Ka yafe masa, ni ma Ka sa ya yafe min.