Sandar Golf Ɗin Yaya Sule a Gonar Gero

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar wana, Yaya Sule, Allah ya jiƙansa. Ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaukar wa 'yan wasan golf jaka a birni. Da ƙarfi ya ja baya, ya dawo ƙauyenmu kusa da Ɗambatta da sanda guda, mai kan ƙarfe a kishingiɗe, irin wadda ake cilla ƙwallo sama da ita idan rami ya kusa.

Ana gama girbin gero sai ya ajiye faifai a gona, ya ƙirga kunyoyi, ya riƙa cilla ƙwallo ta sauka a kai. Na taɓa tambayarsa yadda ƙwallon ke sanin inda za ta tsaya. Ya ce, "Malam, ba ƙarfi ake ƙarawa ba. Kunya goma, hannu ya tsaya a gwiwa. Ashirin, a ƙugu. Saurin dai ɗaya ne."

A shekararsa ta ƙarshe yanar ido ta rufe masa gani. Wata rana ƙwallo ta fasa randar maƙwabta, 'yan uwa suka wakilta ni in karɓe sandar. Bai yi musu ba. Ya ce in kai faifai kunya ashirin, in ya kuskure in tafi da ita. Ya buga uku, kowacce sai ya karkata kai ya ce, "Ta tsaya ko ta gangara?" Biyu sun zauna a faifai, ta ukun ta tsaya taki ɗaya a gaba. Na kasa karɓe sandar, na dawo gida hannu rabbana, na sha faɗa.

Yanzu ina gani a waya, 'yan wasa na leƙa wata na'ura ta gaya musu nisa. Ko me zai ce? Zai yi dariya, ko kuwa zai roƙa a ba shi ya leƙa? Na fi zaton na biyun, don mutum ne mai son sanin dalili.

Ranar sadakar uku wani dattijon Alhaji ya zo daga birni ya ce Yaya ne ya gyara masa hannu a wasan, amma bai taɓa ganinsa ya buga a filin golf ba, ko sau ɗaya. Sai a ranar na gane: abin da ya ƙware a kai, bai taɓa samun mai yi masa tafi ba, kuma hakan bai rage masa ko kunya ɗaya ba.