Furar da ta rufe wa likita ido

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Hajo, Allah ya jiƙanta, amma har yau in na tuna yadda abin ya faru sai raina ya ɓaci.

Da jini ya fara bin bayan gidanta, likita a Katsina ya ce zai zura kyamara ya duba hanjin. Ya ba ta maganin wankin ciki, ya ce tun jajibiri kada ta sa komai a baki sai ruwa garai. Sai ga dangi daga Mawashi sun cika gida da dubiya, mu kuwa a wajenmu abin gori ne mara lafiya ya kwana da yunwa. Gwaggonmu ta dama fura da kindirmo, ta tsare ta da ludayi. "Sha, 'yar nan, nono ai ruwa ne. Wane azumi ne wannan da Allah bai ɗora miki ba?" Hajo ba ta iya musu da babba, ta sha. Washegari kyamara ba ta ga komai ba sai tsakin gero. Aka ɗage gwajin, damina ta sauka, kowa ya nufi gona. Kafin a koma, ciwon ya ci hanjin.

Kwana ne ya ƙare, na sani. Amma me za ta ce da ta leƙo yau? A kasuwar Kankiya ana tallar wani gari a leda, wai ƙwayoyin halitta ne masu amfani irin na cikin nono, wai yana wanke hanji har ba sai an je gwaji ba. Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya, ta ce likita kan iya ba da irinsu don rage kumburin ciki, amma ba su maye gurbin wankin, ba su kuma ganin ciwo.

An ce wanda maciji ya sara, tsumma ma gudunsa yake. Ban da ƙanenmu Sada. Jinin ya fara masa, an ba shi ranar gwaji, ya zauna yana kaɗa garin nan a kofi.

Kowa haƙurin Hajo yake yabo, ni ma ina roƙon Allah ya sa shi a mizaninta. Shirunta ne ba zan gada ba. Na je har gidansa a Kusada, na juye ledar a kwata a gaban matarsa, na ce da ni za a tafi asibiti. Ya ce, "Yaya, ba ki jin kunya?" Na ce masa wadda Hajo ta ji ta ishi gidanmu.