Jan Fentin Aslaug

Duk wanda ya taɓa hawa zuwa matsirgar da ke saman gandun dajinmu, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, hannun Aslaug Tveit ya bi, ko ya sani ko bai sani ba. Ita ke shafa jan fenti a kan duwatsu don nuna hanya. Da zarar ƙanƙara ta narke za ka gan ta da gwangwani da buroshi, ta goya tsohuwar jakar marigayi mijinta. Girki ta yi wa 'yan makaranta har ta yi ritaya, ba ta taɓa neman shugabancin komai ba, amma in tana maganar hanyar nan sai ka ɗauka gadonta ce.

Ƙa'idar aikin guda ce. Mai fenti zai tsaya a kan alama, ya hango dutse mafi nisa da idonsa ke gani sarai, can zai sa ta gaba.

A 'yan shekarun nan alamun Aslaug suka fara matsowa kusa da juna. Eilif Moen, shugaban ƙungiyarmu ta masu hawan dutse, tsohon matuƙin jirgin fito, shi ya kai ƙorafi gaban taro. Ya ce dutsen ya koma kamar yaro mai ƙyanda. Aka yi dariya, aka kuma yanke cewa ya bi ta ran Lahadi ya duba aikin, in bai gamsu ba a karɓe gwangwanin a ba wani. Ni maƙwabciyarta ce, shi ya sa aka haɗa su da ni, don kowa ya san in aka bar su su biyu wani zai iya dawowa shi kaɗai.

Tun daga gindin dutsen suka fara cacar baki. Ta ce numfashinsa ya fi injin jirginsa ƙara. Ya ce da fentin da ta ɓarnatar bana da an gama da cocin garin har da hasumiya. Ina biye da filas ɗin kofi, ina kallon yadda take shafa kowane dutse da tafin hannu kafin ta ɗora buroshi, da yadda take jan ƙafa a inda a da take tsallakewa tana surutu.

A gari mukan wuce juna ko kallo babu, amma a kan dutse ba a wuce mutum ba gaisuwa. Da muka fito daga cikin bishiyoyi akwai wani gungumen katako a mararraba, wani ya tsinci rigar ruwa ya rataye a kai don mai ita ya gani. Aslaug ta ɗaga kai, ta ce wa gungumen sannu da hanya, ta ƙara da cewa yau garin ya yi kyau.

Na jira dariyar Eilif, mutumin da ko a wajen jana'iza ba ya barin zolaya ta wuce shi. Sai ya taɓa hularsa, ya gaida gungumen shi ma, ya wuce.

A nan na gane ya daɗe da sanin idonta na tafiya. Daga baya na fahimci ita ma ta gane, don da ta zo dab da gungumen ta ɗan taɓa rigar, sannan muka ƙarasa matsirga.

Ruwan na zubowa daga sama da ƙarfin narkewar ƙanƙara, feshinsa na jiƙa mana fuska. Saboda rugugin dole muka zauna kafaɗa da kafaɗa. Na zuba kofi, ta ɓare lemo, ta miƙa masa rabi ba ta kalle shi ba.

"Ka gaida katako, Eilif."

"Na ga kin san shi. Na ɗauka danginki ne."

Ta tura masa gwangwanin da ƙafa. Ta ce likita ya gaya mata tun bara, kuma ba don baƙi take matso da alamun ba, don kanta ne, don ta iya zuwa nan ita kaɗai ko da shekara ɗaya ce ta rage mata. Ta ce ya ɗauka ya kai musu, ba ta son tausayi.

Bai taɓa gwangwanin ba. Ya ce matasan ƙungiya sun riga sun fara gunaguni, shi ya sa ya yi sauri ya kai ƙarar da bakinsa, don hukuncin ya faɗo hannunsa. Sannan ya buɗe jaka ya zaro tsohuwar rigarsa ta aikin jirgi, mai ruwan lemo, irin wadda ake hangowa daga wancan ƙetaren ruwa. Ya ce zai riƙa yin gaba ya tsaya a dutsen da ya dace, ita kuma ta zo ta shafa.

"Dutse zai ɓace miki, amma ƙato irina cikin rigar nan ko tunkiya za ta gan shi."

"Wato in riƙa bin ka a baya, tsoho?"

"Ki ce kora ta kike yi, in hakan ya fi miki daɗi."

Ban sani ba ko tausayi ne ya sa shi ɗauko rigar. Na dai san tun da matarsa ta rasu fitilar ɗaki ɗaya ce ke kunnuwa a gidansa, kuma rigar a goge take, an ninke ta da kyau.

Aslaug ta shanye kofinta, ta jawo gwangwanin gabanta. Akwai guntuwar hanya daga matsirga zuwa tabkin sama da ba ta taɓa ba bana. Eilif ya sa rigar ya yi gaba yana haki, ya tsaya can nesa ya buɗe hannuwa. Ta nufe shi kai tsaye. Da ta isa ta shafa wa dutsen fenti, ta ɗiga ragowar a kan takalminsa, ta ce ya matsa, aiki take.

A taro na gaba ya ce ya duba, aikin na nan a hannun mai shi. Wani matashi ya tambayi dalilin jan fenti a takalminsa. Eilif ya ce ƙyandar ce ta kama shi.