Mai Yankan Farcen da Ya Ƙi Taɓa Ƙafar Ƙanena

Wata guda cur ana kawo mini zancen. Wai mai yankan farcen nan na bakin kasuwa, wanda kowa ke ce wa Baba Mai Almakashi, kansa ya kumbura: korar mutane yake yi, har zama yake da likitoci. Maƙwabciyata ta ƙara gishiri, wai sa maza yake su rufe ido yana shafa musu yatsu, ko wane irin tsibbu ne, oho. Ni kuwa tun ina koyarwa, maganar da kowa ya haɗiye ba tauna, ita nake fara bincika.

Shekara talatin da ɗaya yana wuri guda. Da hantsi zai ajiye bencinsa a inuwar katanga, ya tokare gajeriyar ƙafar da dutse, ya jera kwalbar ruwan sabulu da soso da almakasai shida. Almakashin da ya yi aiki sau ɗaya sai ya shiga tukunyar da ke tafasa a gefensa. Duk wanda ya zauna kuma, tambayar farko ita ce, "Akwai suga?"

Abin gwajina a gida yake. Ƙanena tela ne, shekara goma sha ɗaya da ciwon suga, kuma da keken ɗinki na ƙafa yake ci da iyalinsa. Kanta, wato fata mai tauri, ta fito masa a ƙasan babban yatsan ƙafa, kullum da dare yana jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri, kamar yadda kowa ya ce a yi. Ranar da ya tashi zuwa a kankare masa ita, na yafa mayafi na bi shi.

"Yaya, yankan farcen ma sai an raka ni?"

"Ba kai na rako ba, kallo na zo."

Baba ya wanke ƙafar, ya buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Sannan ya ce, "Tela, rufe idonka. In na taɓa ka, ka ce e."

Ya ɗora ɗan yatsansa a kan babban yatsa. Shiru. Ya koma na tsakiya. Shiru. Ya taɓa ƙaramin.

"To ka fara mana, ina da ɗinki," in ji ƙanena.

Baba ya ɗauki takalmin ƙanena, ya zura hannu ciki ya lalaba, ya zaro guntuwar allurar keke da ta huda tafin. Ya nuna mini wani baƙin ɗigo a tsakiyar kantar.

"Hajiya, wannan ba ta reza ba ce. Ciwo ne a ƙasa. In na yanka, ni na buɗe wa gyambo ƙofa."

"Kai likita ne?" Ƙanena ya hasala. "Ka kankare kawai, ai ko zafi ba ta yi!"

"Da tana zafi ai da na ji daɗi, ranka ya daɗe."

Ya juye ruwan tukunyarsa, ya kife benci, ya bar mutum biyu a layi suna tsaki, ya sa mu a gaba har asibiti.

A nan na ga inda aikin ya dosa. Sista mai kula da masu suga ta hango shi ta ce, "Baba, yau wa ka kamo mana?" Likita ya ɗauke kantar, ga rami a ƙasa da ruwa a ciki; ya ce saura ƙiris ya kai ƙashi. Mai wankin ciwo ta ɗaure. Mai ba da shawarar abinci ta ce a turo mata matar ƙanena, tunda ita ke riƙe da ludayi. Wani baduku da suke aiki tare ya auna ƙafar, ya yi masa takalmi mai laushin ciki. Ruwan zafin nan kuwa Sista ta hana shi, ta ce ƙafar da ba ta ji, sai ta dahu mai ita bai sani ba. Ni ma da karatuna ban taɓa kawo haka ba.

Ita ta ba ni asalin labarin, Baba kuma ya yarda in rubuta. Shekara tara da suka wuce ya kankare wa wani tsohon abokin cinikinsa kanta, ɗan jini ya fito, suka goge suna dariya. Bayan wata huɗu aka yanke ƙafar mutumin. Babu wanda ya tuhume shi. Shi ya kai kansa asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ku faɗa mini abin da na yi." Suka faɗa masa, suka koya masa abin da zai duba. Tun daga ranar, duk farkon wata yana can ƙarshen benci a taronsu, kuma sai sun ji ta bakinsa. Sauran masu yankan farce bakwai na kasuwar shi ya koya musu tambayar nan ta farko.

Baba, kai ne kake ganin ƙafar da mai ita bai kai asibiti ba. Kai ne ka zaɓi a zage ka a kasuwa da dai wani ya rasa ƙafa ya koma dogara sanda. Sunanka ba ya jikin ƙofar kowane ofis, amma ta bencinka aikin ke farawa. Na ji idonka ya fara rauni, za ka ajiye almakashi ƙarshen shekara. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu yankan farce, wanzamai, dukawa, da duk wanda ƙafar mutane ke bi ta hannunsa: ku riƙa tambaya, ku duba, in abin ya fi ƙarfinku ku raka mutum inda za a iya.

Ciwon ƙanena ya ɗauki sati goma sha ɗaya kafin ya rufe. Ba a yanke masa ko yatsa ɗaya ba. Ranar Litinin ya koma kan kekensa.