Gishiri a Gindin Furen Harold

Duk ranar Talata Abdul-Mumuni, mai kula da lambun da ke bayan gidan ƙona gawa kusa da Woolwich a birnin Landan, yakan dogara shebur ya zuba wa wata tsohuwar Baturiya ido. A lambun nan mutanen unguwa ke binne tokar mamatansu, kowa a dasa masa fure da ɗan allon suna. Wasu su zo su yi kuka, wasu su zauna suna hira da allon.

Ita ba ta kuka. Gajera ce, kwat ɗinta ruwan toka, hancinta a karkace kamar wanda ya karye ba a ɗora ba. Da ta iso allon "Harold Pike, 1919–1988" sai ta buɗe fulas, ta tsiyaye shi tas a gindin furen, ta take ƙasar da dunduniya.

Da farko ya ɗauka shayi take kawo wa mijinta. Sai da fure na uku da ya dasa a wurin ya bushe sannan ya ɗanɗana ƙasar. Gishiri!

Wane irin zama suka yi? Shi dai zuciyarsa ta ba shi cewa ba faɗuwa ce ta karya hancin nan ba.

Yau ya daure ya ce, "Madam, a garinmu in mutum ya mutu yafe masa ake yi."

Ta murɗa murfin fulas a hankali. "Shekara arba'in da ɗaya ina yafe masa yana raye." Ta nuna busasshen furen da haɓa. "Ka dasa sabo. Talata ina nan tafe."