Arvid Lehtonen, Direban Lamba Bakwai

Haihuwa

An haifi Arvid Lehtonen a shekarar 1929 a ƙauyen Alder Creek da ke arewacin Kalifoniya. Mahaifinsa Toivo mai saran itace ne, mahaifiyarsa Hilja kuma ita ke dafa wa ma'aikatan daji abinci.

Karatu, Aiki da Aure

Daga aji takwas ya bar makaranta. A 1946 ya kama aikin hura wuta a jirgin ƙasa mai tururi na wani kamfanin katako da ke jigilar gumaguman jan itace, har a 1953 aka damƙa masa tuƙin kan jirgi mai lamba bakwai. A 1955 ya auri Delfina Silveira, 'yar gidan masunta.

Shekarar 1961

A wannan shekara kamfanin katakon ya koma amfani da manyan motoci, ya kuma ƙudiri aniyar narkar da jirgin tare da sare kurmin ƙarshe, mai itatuwan da suka haura shekara dubu. Arvid ya roƙi alfarmar manaja, Mista Hargrove, da ya raka shi tafiyar bankwana. Da suka isa tsakiyar kurmin sai ya tsayar da jirgi, ya nemi a bar kurmin da layin dogon domin masu yawon buɗe ido.

Manajan ya sauka, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya ce, "Haba Arvid, wane mahaukaci ne zai zo musamman don kallon itatuwa?"

Arvid ya ce, "Ranka ya daɗe, ai rabin sa'a ke nan kai ma kana kallonsu."

Ba a sare kurmin ba. Shekara uku Arvid da tsofaffin abokan aikinsa suka yi suna gyaran layin dogo, sannan a 1964 fasinjojin farko suka hau buɗaɗɗun taragu. Shekara talatin ya yi yana ratsa hazon safiya da su.

Tsufa da Rasuwa

Ya ajiye aiki a 1994 sakamakon raunin gani, ya koma zama a bencin tasha, inda daga jin numfashin injin yakan faɗi wanda ke tuƙi. Ya rasu ranar 9 ga Maris, 2011, yana da shekara tamanin da ɗaya, aka binne shi kusa da Delfina, wadda ta riga shi rasuwa, a maƙabartar ƙauyensu.

Ya bar 'ya'ya uku: Walter, malamin makaranta, Ilona, ungozoma, da Marisa, direbar Lamba Bakwai ta yanzu, wadda har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina cewa tana saurin jan birki ba.